Ranar da Na Sa wa Ƙarfen Kaka Magagari a Abijan

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari. Tun da na dawo daga Abijan abokai ba su bar ni na huta ba. A maƙera tambaya, a kasuwa tambaya, har bayan sallar Juma'a sai wani ya riƙe mini hannun riga ya ce, "Abdu, wai da gaske can ƙasa ta ƙare, sai ruwa?" Na sayi takarda tun cikin sanyi, na ajiye ta ƙarƙashin tabarma har gara ta fara cin gefenta. Karatuna na lakkwal, makarantar Nasara, bai yi nisa ba, kuma ina tsoron in rubuta abu ba yadda ya faru ba, in ɗauki alhakin mutanen da suka yi mini alheri. Amma jiya da la'asar na ga hadari ya leƙo daga gabas, sai na san lokaci ya ƙure mini. Akwai tambayar da nake so in yi wa masu karatu, kuma ba za a gane ta ba sai an ji labarin daga farko.

Mu maƙera ne, a wani gari kusa da Madawa. A zamanin kakanmu wani abu ya faɗo daga sama cikin gonarsa da rana tsaka, da ƙarar da ta sa awaki suka tsinke igiya. Da aka tona wurin sai aka sami baƙin ƙarfe ya rabu gida biyu. Kowane ɓari bai wuce dunƙulen hannu ba, amma in ka ɗaga shi sai ka ji nauyinsa ya fi girmansa. Ƙanen kakanmu ya ce shi fartanya zai yi da shi, ya ɗora ɓari ɗaya a uwar maƙera ya buga masa masaba. A daminar nan aradu ta faɗa wa rumfarsa ta kashe shi yana zaune. Tun daga ranar aka kafa doka a gidanmu: ƙarfen Kaka ba a sa masa wuta, ba a sa masa masaba, ba a sa masa magagari.

Kaka ya ba manyan 'ya'yansa biyu ɓari ɗai-ɗai. Ɗaya shi ne Baba Sarki, sarkin maƙeran garinmu, wanda ya rene ni bayan rasuwar mahaifina, yanzu ya tsufa idonsa ya tafi. Ɗayan Baba Tanko, wanda ya bi fataken goro kudu tun ina rarrafe, ya tafi da ɓarinsa, ba a sake ganinsa ba. Bara wani falke ya zo da labari cewa Baba Tanko ya rasu a Abijan, ya bar 'ya guda, Dije. Mijinta ya mutu, ba ta da kowa, tana roƙon a zo a kai ta gidan ubanta.

Baba Sarki bai yi murna nan take ba, kuma ba na ganin laifinsa. An taɓa yin wani da ya zo ya ce shi ɗan Tanko ne, ya san sunayenmu duka, ya ci tuwonmu damina guda, sannan ya ɓace da jakin gida.

"Suna kowa na iya haddacewa a hanya," in ji Baba. "Ƙarfe ba ya haddace komai. Ka ɗauki ɓarinmu, in ka je ka haɗa bakinsa da bakin nata. In sun kama juna, 'yarmu ce, ka zo da ita. In ba su kama ba, ka ba ta haƙuri ka dawo kai kaɗai."

Na ce, "Baba, duk gidan nan me ya sa sai ni?"

Ya ce, "Kai ka san bakin Nasara. Kuma kai tsoro ba zai bar ka ka yi mini ƙarya ba."

Abu ɗaya na roƙa, a bari sai ruwa ya ɗauke sarai. Ba zan ɗauki ƙarfen Kaka in bi hanya ana tsawa ba. Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, sama ta yi fes, sannan na fito ina yaba wa kaina da dabara.

Daga Ƙwanni na hau kamyo, babbar mota mai ɗaukar fatu. Ƙarfen yana cikin jakar fata, na rataye ta ƙarƙashin hammata cikin riga, kowane rami motar ta faɗa sai ya doke ni a haƙarƙari. Wani Bazabarme da ke kusa da ni ya ga yadda nake dafe gefena, ya tabbata zinariya ce. Bai tambaye ni ba, amma duk inda aka sauka yana bayana, har wurin alwala. Sai a Doso na gane mutumin kirki ne: gadina yake yi, yana tsoron a yanka ni. A Yamai muka ƙetare kogi a kan wani faffaɗan jirgi da ke ɗaukar mota dungurungum. Na tsaya a tsakiya cak, don na lissafa cewa in na matsa gefe da wannan nauyi zan iya karkatar da shi. Yanzu na san wauta ce. A lokacin ban sani ba.

Tsakanin Fada da Wagadugu aka tsayar da mu a shingen da ya raba ƙasarmu da ta Mosi. Nan ake duba lesefase, takardar izinin tafiya, kuma wanda ba shi da ita ana iya sauke shi a haɗa shi da masu aikin dole. Tawa tana nan, amma na yi ta laluben aljihu har gardin da ke tsaron shingen ya yi zargi. Ya lalube ni, ya zaro jakar, ya zazzage ƙarfen a kan teburinsa.

"Mene ne wannan?"

Na yi niyyar in ce dutsen niƙan magani ne, bakina ya ƙi. Na ce, "Ƙarfen kakana ne. Daga sama ya faɗo."

Ya yi dariya, ya zare wuƙar bakin bindigarsa zai kankare shi ya ga ciki. Sai wata tsohuwa Bamosa mai sayar da gyaɗa ta faɗi wata magana da yarensu, tana nuna sama da yatsa. Ban san abin da ta ce ba. Gardin dai ya mai da wuƙarsa kube, ya ja da baya, ya ce in kwashe kayana da hannuna, shi ba zai sake taɓawa ba. Ko takardar bai karanta ba. Na yi murna, amma murnar ba ta daɗe ba, don na ga ashe ba mu kaɗai muka san abin ba.

A Bobo na sauka a zangon Hausawa. Aka kawo tuwo da wata miya mai ɗan garɗi, na ci na ƙara. Sai bayan na wanke hannu na ga abin da ke ƙasan kwano yana da ƙafafu. Tsutsar kaɗanya ce, suna busar da ita kamar yadda muke busar da kuɓewa. Na kurkure baki har dasashina ya yi zafi, na je wurin malamin zangon na tambaye shi ko na ci haram.

Ya ce, "A garinku kuna cin fara?"

Na ce muna ci.

Ya ce, "To, ita ma da tana da fiffike da ba ka zo nan ba. Je ka kwanta."

Ban gamsu ba, amma na tafi.

Daga Bobo jirgin ƙasa ne, ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Abin da ya tsaya mini a rai ba gudunsa ba ne. Taragon da ke bayan namu cike yake da samarin Mosi da ake kai wa gonakin Nasara, ga gardi a bakin ƙofa. Ba mai waƙa, ba mai hira. Na riƙa taɓa aljihun da takardata take har ta yi laushi da gumi. Muna wuce Buwake itatuwa suka fara haɗe kai a sama, iska ta yi nauyi kamar numfashin zugazugi. Can sai na ji wani rugugi. Na ce wa zuciyata ƙafar jirgi ce. Aka sake yi, da walƙiya. Na tambayi wani Bajule da ke gabana, da ɗan Faransancina, ko damina ba ta wuce ba ne. Ya ce nan damina biyu ake yi, babba da ƙarama, yanzu ƙaramar ta kama, kuma ita ta fi tsawa. Ashe duk jiran da na yi a gida, daminar ba ƙarewa ta yi ba, gaba ta yi ta jira ni.

Masaukina a Tireshbil yake, unguwar da ke hayin wani makeken tafki, gidan Malam Isufu mutumin Tawa, wanda ya daɗe can yana cinikin goro da fata, kuma yana koyar da yara karatu da safe. Kafin ka kai can sai ka bi wata gada da aka shimfiɗa a kan jirage masu iyo. Tana motsi ƙarƙashin ƙafa kamar bayan raƙumi. Mata na wucewa da kaya a ka suna hira, ni kuwa na bi ta ina karanta duk abin da na haddace.

Gidajen can ba kamar namu ba ne. Tsakar gida ɗaya, ɗakuna a jere, wannan Bajule, wancan Ba'ule, na gaba ɗan Dahome, ba zaure, ba mai yi wa wani sallama kafin ya shiga. Abincinsu acake, kamar dambu amma na rogo, da ɗan tsami, ana ci da kifi. Akwai aloko, ayaba ce babba da ake soyawa da manja, ita kam na so ta. Dodon koɗi kuma, wanda yaranmu ke wasa da ɓawonsa, can nama ne mai daraja. Bayan abin da ya same ni a Bobo, kowace miya sai na tona ta da cokali har ƙasa, har uwargidan Malam Isufu ta aiko a tambaye ni ko wani abu na yar a ciki.

Iskar garin gishiri gare ta, allura ma tsatsa take yi cikin kwana kaɗan. Da na buɗe jaka na ga ƙarfen Kaka ya yi ja-ja, abin da bai taɓa yi a gida ba. Na kai wa Malam Isufu na ce ko fushi ya yi.

Ya ce, "Ɗan maƙeri da tsoron ƙarfe! Abdu, aradu tana da Mai ita. Ba ta karɓar umarni daga abin da ke cikin jakarka."

Na ce, "Allah gafarta Malam, zuciyata ta san haka. Gwiwoyina ne ba su sani ba."

Washegari ya raka ni Ajame, can arewa da unguwar Nasara, inda Dije take soya aloko a bakin hanya. Mace ce doguwa, ta ɗan haura shekara talatin, uwarta Bajula ce ta rasu tuntuni. Fuskarta ba askar gidanmu, don Baba Tanko bai sami wanzamin gida a can ba. Na dube ta na ga kamar goshin Baba Sarki, na sake dubawa na ga kamar ba shi ba. Hausarta kuwa wurin uban kaɗai ta koya, don haka magana take kamar tsohon maƙeri.

"Kai ne aka aiko?" in ji ta. "Kai, yaro, ba ka da nama. Zauna ka ci."

Ta kai mu ɗakinta. Ba komai ciki sai tabarma da akwati ɗaure da igiya. Tun ranar da falken ya tafi da saƙonta ta ɗaure kayanta, take kwana kusa da su.

Na yi bayanin abin da Baba Sarki ya ce, na fito da ɓarinmu, na ce ta kawo nata. Sai ta ce ba ya hannunta.

Ga abin da ya faru. Bayan rasuwar Baba Tanko aradu ta faɗa wa itacen kwakwar da ke tsakar gidan, ta tsaga shi. 'Yan gidan sun san da ƙarfen, suka taru a kanta, suka ce ko ta fitar da shi ko ta fita. Ba ta da inda za ta. Wani maƙwabci mai yi wa Nasara dahuwa ya ce maigidansa na tara irin waɗannan duwatsu, ya karɓa ya kai masa.

"Ban sayar ba," in ji ta. "Ajiya na ce. Ka faɗa wa Baba ban sayar ba."

Muka dawo Tireshbil. Malam Isufu ya bincika, aka ce Nasaran tsohon ma'aikacin maƙerar jirgin ƙasa ne, ya bar aiki, yana zaune a bakin tafki nan Tireshbil, kuma kowace Lahadi abokinsa, wani likita ɗan Senegal, yana zuwa su yi ta gardamar duwatsu. Ban so zuwa ba. In Nasara ya ga ɓarinmu ya ce ya karɓe, wurin wa zan kai ƙara? Amma na tuna akwatin nan da igiyarsa. Ran Lahadi da hantsi muka tafi mu uku, ni da Malam da Dije, sama ta yi baƙi ƙirin ta wajen teku.

Mushe, wato maigida da bakin Nasara, haka kowa ke kiransa, gajere ne mai farin gashi, hannuwansa irin namu, duk tabon wuta. Ɗakinsa cike da katakai, a kansu duwatsu da ƙarafa, kowanne da mazauninsa. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya yi tsalle kamar yaro. Likitan, mutum mai natsuwa da carbi a hannu, shi ya riƙa maimaita mini maganar a hankali in ta yi mini sauri.

Suka ce irin wannan ƙarfe ba a ƙasarmu kaɗai yake faɗowa ba, kuma masu tara shi a ƙasashe suna aika wa juna yanki-yanki. Daga waje duk kamarsu ɗaya, baƙi da ramuka kamar an danna yatsa a cikin laka. Asalinsa a ciki yake. Sai an goge wuri ya yi sumul kamar madubi, a shafa masa wani ruwa mai ci, sannan zane ya fito, da zanen ake sanin gidan da za a sa shi. Mushe ya nuna mini. Katako na sama, zanensu kamar saƙar tabarma, wata mai manyan kaba, wata mai ƙanana. Na biyu, 'yan layuka sirara kamar kaza ta yi tono. Na uku ba zane ko kaɗan, fari fat. Wallahi na manta da tsoro na ɗan lokaci. Na tashi cikin ƙarfe, ban taɓa sanin yana da rubutu a cikinsa ba.

Can gefe, shi kaɗai a kan wani ɗan katako, ga wani yanki. Zanensa ba saƙa ba ne, ba layi ba ne. Kamar an watsa ƙananan allurai cikin toka, kowace ta kalli inda ta ga dama, da 'yan ɗigo baƙaƙe tsakaninsu.

"Naku ke nan," in ji Likita. "Ya ƙi shiga kowane gida. Ni na ce ba na sama ba ne, tama ce da wani maƙerin da ya narka ta wata hanya da ba mu sani ba. Shi ya ce na sama ne, dangi ne kawai ba shi da su. Mun kusa ɓatawa a kansa."

Na dubi yankin da kyau. Falle ne, lebur kamar yankan sabulu.

Na ce, "Ina sauran? Ina bakinsa, inda ya karye?"

Mushe ya ɗaga kafaɗa. Ya sa masa zarto ya yanka shi falle-falle. Ɗaya ya tafi Faransa a jirgin ruwa, ɗaya ya yi musaya da shi, wani ƙarami yana ajiye a akwati. Bakin karayar kuwa tsatsa ta ci shi, shi ya fara yankewa ya zubar a tafki.

Dije ba ta jin Faransanci sosai, amma ta ga fuskata. Ta ce, "Yaro, faɗa mini." Na faɗa mata. Ba ta yi kuka ba. Ta gyara ɗaurin zanenta kawai, ta ce, "To. Ka gai da Baba."

Likita ya tambayi abin da ake ciki, Malam Isufu ya ba shi labari. Likitan ya yi magana da Mushe, sannan ya juyo gare ni.

"Ba sai baki ya kama baki ba. In ɓarinku da wannan uwarsu ɗaya, zanen cikinsu ɗaya ne, kuma wannan zane ba mu taɓa ganinsa a wani ƙarfe ba. A goge wuri kaɗan a naku, kamar farcen babban yatsa. In allurai suka fito, magana ta ƙare."

Mushe har ya ɗauko zarto, yana cewa gara a yanki falle guda, zai ba ni duk abin da nake so. Na rungume jakar na ce a'a, muryata kamar ta ɗan akuya. Na jira ya kira gardi. Bai kira ba, ya ajiye zarton yana gunaguni, ya ɗauko magagari ya ɗora a tebur.

Daidai nan ruwa ya sauko. Rufin kwano ne, ba ka jin maganar na kusa da kai, tsawa kuma kamar a kan gidan take. Na tsaya ina duban magagarin. Baba cewa ya yi in haɗa baki da baki, bai ce in goge ba. In na koma ni kaɗai ban karya doka ba, ban yi ƙarya ba, ba mai zargina. Na tuna ƙanen Kaka, bugu ɗaya tak ya yi. Na kuma tambayi kaina, shi Mushe da ya yanka nasa gunduwa-gunduwa me ya same shi? Sai wata zuciyar ta ce ai shi ba ɗan gida ba ne, dokar ba ta hau kansa ba.

Ina cikin wannan sai Dije ta miƙa hannu ta ɗauki magagarin.

"Ba ni ƙarfen," ta ce da ƙarfi don in ji. "Ni zan goga. In aradu ta same ni, ai ta san ni 'yar gida ce. Sai ka je ka faɗa wa Baba."

Ban san lokacin da na karɓe shi daga hannunta ba. Ba jarumta ba ce, kada wani ya ce na yabi kaina. Na dai ga ba zan iya tsayawa ina kallo ba. Mushe ya matse ƙarfen a bakin wani abin riƙo da ke jikin teburinsa. Na yi bisimilla, na sa magagari.

Ƙarfen ya fi yadda na zata taushi, yana ba da gari mai haske. Kowace walƙiya sai na runtse ido in jira, in ji ina nan, in ci gaba. Malam Isufu na bayana yana addu'a a bayyane, ban sani ba ko don ni ko don kansa, don na lura ya matsa nesa da taga. Da wurin ya yi lebur Mushe ya karɓa, ya bi shi da takarda mai yashi, mai kaushi sannan mai laushi, har na ga idona a ciki. Likita ya ɗauko kwalba, ya tsoma gashin kaza, ya shafa. Wari ya tashi mai shiga hanci. Muka haɗa kai mu biyar a kan wurin da bai fi farce ba.

Da farko ba komai, hasken ne kawai ya dushe. Sai ga wata 'yar allura ta fito a gefe. Sai wata ta gitta mata. Kafin in ja numfashi wurin ya cika da su, cikin toka, da ɗigonsu baƙaƙe. Mushe ya kawo fallen Baba Tanko ya ajiye kusa. Ko yaro ya gani ya san abu ɗaya ne.

Mushe ya riƙa buga tebur yana nuna wa Likita baƙar fatar da ke bayan ɓarinmu, wadda ya ce wutar faɗowa ce ta yi ta, yana cewa ya ci gardama. Likita ya ce bai sallama ba tukuna. Suka koma musunsu kamar ba mu a wurin. Dije kuwa ta zauna a ƙasa daɓas, ta rufe fuska da gefen zane. Da ta ɗago ta ce da ni, "Yaya." Tun daga ranar ba ta sake ce mini yaro ba.

Da za mu tafi Mushe ya shafa wa wurin mai don kada tsatsa ta rufe zanen. Likita ya yi masa magana a kunne, sai ya ɗauko ƙaramin falle cikin biyun da suka rage masa ya ba Dije. Na faɗi wannan don a san bai hana ba.

Komowa ba ta da labari mai yawa. Dije ta sa na ci tsutsar Bobo a karo na biyu, da sanina. Da muka iso gida aka taru a zauren Baba Sarki. Ban jira an tambaye ni ba, na durƙusa na faɗi komai, da zarton Mushe, da magagarina. Na ajiye ƙarfen da fallen a gabansa, na ce a kira yayyena su duba zanen su faɗa masa, tun da shi ba ya gani.

Baba ya lalubo ƙarfen, ya yi ta shafa wurin da babban yatsa.

"Wa ya riƙe magagarin?"

"Ni ne, Baba."

"Ana tsawa?"

"Ana yi."

Ya ajiye ƙarfen a cinyarsa. Sannan ya ce, "Kai da ba ka fita fitsari in an yi walƙiya? Ba sai kowa ya duba ba. Ina 'yar Tanko? Matso in ji hannunki."

Dije tana nan cikinmu yanzu. Ta kwance akwatinta, tana suyar ƙosai a ƙofar gida, tana yi wa matan gari magana kamar sarkin maƙera, suna dariya. Baba bai ƙara tayar da zancen dokar ba, ni ma ban tambaye shi ba. Abokaina na cewa ai aradun Abijan ta gan ni ta ƙyale ni. Ni kuwa ina ganin waccan ba ta san ni ba. Ta gida ce ta san ƙanen Kaka, kuma tun da na dawo ba a yi ruwa ba tukuna.

Don haka ga roƙona ga duk wanda wannan takarda ta kai gare shi. Mushe ya ce lalle akwai irin wannan ƙarfe a wasu gidaje a ƙasar Hausa, ana ɓoye da shi. Ba na son a kawo mini, ba na son in gani. Abin da nake so in sani kawai: in akwai wanda ya san ɗan gida, ba baƙo ba, da ya taɓa sa wa nasu magagari ko masaba, ya kuma ga ƙarshen daminar da ƙafafunsa, don Allah a aiko mini da labari ta hannun fataken da ke bi ta Madawa. A ce a ba Abdu na gidan sarkin maƙera. In kuwa labarin ba mai daɗi ba ne, a faɗa wa Dije, ita ta san yadda za ta gaya mini. A dai hanzarta, don yau ma gabas ta yi duhu.